Saurin kwamfuta ba a jikin kwali yake ba

Ɗan ƙanwata ya zo mini da takarda a hannu, ya rubuta jerin kayan da zai saya ya haɗa kwamfutar tebur. Ya shafe watanni yana tara kuɗin, kuma yana so ya koyi tace bidiyo da rubuta manhaja. Da na duba jerin sai na ga fiye da rabin abin da ya tara zai tafi a kan abu guda, wato furosesa, ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, wanda ya zaɓi mai tsadar da aljihunsa zai iya ɗauka. Sauran canjin ya raba shi tsakanin tsohon faifan ajiya mai juyawa, sandar RAM guda ɗaya, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, akwatin wuta mafi araha da ya samu, da wani gida, wato akwatin da ake jera sassan a ciki, mai gilashi da fitilu masu canza launi. Ya ce mini, "Kawu, wannan furosesan shi ya fi kowanne gudu, na duba sosai." Gaskiyarsa ce, ya duba. Abin da ya duba kuwa talla ne, kuma talla ba ta taɓa gaya wa mai saye cewa ƙaramin abu zai ishe shi ba.

Wannan takarda ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne mai ƙaramin kuɗi ya fi kowa buƙatar ya san cikin kwamfuta, ya haɗa tasa da hannunsa ko kuma ya gyara tsohuwa ya ƙara mata ƙarfi, domin shi ne ba shi da halin yin kuskure sau biyu. Mai hali yana iya sayen duk abin da aka nuna masa, in bai yi ba ya sake. Shi kuwa wanda ya tara kuɗinsa da gumi, in ya zuba su a inda bai dace ba, shekaru zai yi yana zaune gaban na'ura yana jiran ta buɗe. Na kuma yi imani cewa wannan magana ta wuce sha'awar masu wasa da na'urori. Magana ce ta wa yake da iko a kan abin da ka saya da kuɗinka, kai ko kamfanin da ya ƙera shi.

Yana da kyau a san yadda aka yi ma har mutum yake iya sayen sassa daga kamfanoni biyar daban-daban ya haɗa su su yi aiki tare. A 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta kan tebur cikin gaggawa, don haka bai tsaya ƙera komai da kansa ba. Ya ɗauko furosesa na Intel mai lamba 8088, ya ɗauko babbar manhaja daga Microsoft, ya kuma wallafa bayanin yadda sassan suke haɗuwa. Ba a jima ba wasu kamfanoni irin su Compaq suka fara ƙera kwamfutocin da ke aiki da manhajoji iri ɗaya da na IBM. A 1995 Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya daidaita girman uwar allo, wato babban allon da duk sassa ke jonuwa a kansa, da wuraren ɗaure ta da yadda wuta ke shiga cikinta. Shekaru talatin ke nan ana kan wannan tsari. Shi ya sa gidan kwamfutar da aka ƙera shekaru goma sha biyar da suka wuce zai iya karɓar uwar allon da aka fitar bana. Na'urori kaɗan ne a hannun mutane yau suke da irin wannan buɗaɗɗiyar ƙofa. Wayar hannu ba ta da ita, talabijin ba ta da ita, kuma siraran kwamfutocin cinya da yawa sun rufe tasu.

To ina saurin yake? A 1967 wani injiniya mai suna Gene Amdahl ya bayyana wata ƙa'ida da har yau ake koyar da ita, wadda taƙaitacciyar ma'anarta ita ce duk yadda ka hanzarta wani ɓangare na aiki, ɓangaren da ka bari a baya shi zai yanke maka iyakar saurin da za ka samu. Ayarin tafiya ba ya wuce takun raƙumin da ya fi kowanne nawa. A cikin kwamfutar mutum na yau da gobe, wanda ke buɗe burauza da takardu da hotuna da kiran bidiyo, da wuya furosesa ya zama shi ne mai nawar. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin ajiya.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya tafi da shi. Faifan ajiya irin na da ƙarfe ne da ke juyawa, yawanci sau 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke kai da kawo a kansa yana neman inda aka rubuta abu. Kafin hannun ya isa wurin, faifan kuma ya juyo da daidai gurbin da ake nema, an ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. A kunnen mutum wannan ba komai ba ne. Amma furosesan da ke bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa, a wannan ɗan lokacin ya yi bugu miliyan 30 yana zaune hannu a naɗe. Kunna kwamfuta ko buɗe manhaja kuwa yana buƙatar ɗauko dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse ko'ina a kan faifan. Faifai mai juyawa yana iya irin wannan ɗaukowar kusan sau ɗari a daƙiƙa. SSD, sabon nau'in wurin ajiya wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, yana yin dubun-dubata. Wannan tazarar ita ce mutum yake ji a jikinsa ya ce kwamfutar nan tana gudu. Na ga kwamfutocin da aka yanke wa hukuncin zubarwa sun farfaɗo don kawai an cire musu faifai an sa SSD, ba a taɓa komai ba bayan haka.

A nan ma akwai tarkon lamba. SSD mai amfani da wayar SATA yana kai kusan megabait 550 a daƙiƙa. Nau'in NVMe, wanda ake sokawa kai tsaye a jikin uwar allo, yana kai 3,500, sabbin zubinsa kuma 7,000 ko fiye. Mai kallon kwali zai ɗauka na 7,000 ya ninka na 3,500 a sauri. Wannan lambar ta kwafar babban fayil guda ce a jere, aikin da yawancin mutane ba sa yi kullum. Wajen kunna na'ura da buɗe manhaja, bambancin da ke tsakaninsu da ƙyar ido zai kama shi. Babban tsallen yana tsakanin faifai mai juyawa da kowane irin SSD ne. Saboda haka mai ƙaramin kuɗi ya nemi NVMe matsakaici daga kamfanin da aka sani, mai girman da zai ishe shi, ya bar tseren lamba ga masu sayarwa. Kada kuma ya cika shi maƙil, domin SSD yana raguwa a sauri idan ya rasa sararin juyawa.

Bayan wurin ajiya sai RAM, wato teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a yanzu. Idan teburin ya cika, sai ta riƙa kwashe wasu abubuwan tana kai wa wurin ajiya tana dawo da su, nan ne za ka ga komai ya tsaya cak na ɗan lokaci. A yau gigabait 8 yana cika da wuri, burauza kaɗai mai shafuka da yawa a buɗe tana iya cinye rabinsa. Gigabait 16 ya ishi yawancin mutane, mai tace bidiyo kuma zai ji daɗin 32. Amma akwai abubuwa biyu da ba sa cin ko sisi, waɗanda sababbin masu haɗawa ke yawan tsallakewa. Na farko, sanduna biyu na gigabait 8 sun fi sanda guda ta 16, domin uwar allo tana da hanyoyi biyu na isa ga RAM, sanda guda kuma hanya ɗaya kawai take buɗewa. A allon da ke da ramuka huɗu, littafinsa zai faɗi waɗanda za a fara cikawa, galibi na biyu da na huɗu daga gefen furosesa. Na biyu, RAM nau'in DDR4 da aka sayar maka a matsayin mai gudun 3200 sau da yawa yakan tashi a 2133 ko 2400 har sai ka shiga BIOS, wato shafin saitin uwar allo, ka kunna abin da ake kira XMP. Mutane da dama sun biya kuɗin gudu suna amfani da ƙasa da shi shekara da shekaru, ba wanda ya gaya musu.

Yanzu mu dawo kan furosesan da ɗan ƙanwata ya ɗora wa rai. Akwai lokacin da sabon furosesa yake nufin ninkin sauri da gaske. Na IBM na 1981 yana bugawa a megahaz 4.77. Zuwa 2004 Pentium 4 ya kai gigahaz 3.8. Daga nan sai tafiyar ta ci karo da bango, domin ƙara bugun yana haifar da zafin da ba a iya kwashewa cikin sauƙi. Tun daga 2005 kamfanonin suka juya ga zuba ƙwayoyin aiki da yawa a cikin furosesa guda, biyu, huɗu, shida, takwas, har sha shida. Wannan ci gaba ne na gaske, amma yana amfani ne kawai idan aikinka yana rabuwa tsakanin ƙwayoyin. Fitar da dogon bidiyo yana rabuwa. Rubuta wasiƙa ko karanta labarai ba ya buƙatar haka. Furosesa mai ƙwayoyi shida daga zubin da ya wuce da shekara biyu ko uku yana ɗaukar kusan duk abin da ɗalibi ko ma'aikaci ko mai ƙaramar sana'a zai ɗora masa, kuma da zarar sabon zubi ya fito farashin na baya yakan sauko alhali ƙarfinsa bai ragu da komai ba.

Misalin da na fi yawan bayarwa shi ne mazaunin AM4 na kamfanin AMD, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin uwar allo. Ya fito a 2016, furosesoshin Ryzen na farko suka hau shi a 2017, jerin Ryzen 5000 suka hau shi a 2020, kuma har a 2024 an ci gaba da fitar masa da sababbi. Wanda ya sayi uwar allo mai kyau a farkon tafiyar, a lokuta da yawa sabunta BIOS kawai ya yi ya cire tsohon furosesa ya sa wanda ya fi shi nesa ba kusa ba, bai canza RAM ba, bai canza gida ba. Intel kuwa yakan sauya mazauni bayan zubi biyu ko uku, ko da yake mazauninsa na LGA1700 ya ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14, kuma akwai allunansa masu karɓar DDR4. Ba ina tallata wani kamfani ba ne. Abin da nake nunawa shi ne mai ƙaramin kuɗi ya kamata ya tambayi tsawon rayuwar allon da zai saya kafin ya tambayi lambar da ke kansa. Sabon mazaunin AMD na AM5, wanda ya fito a 2022, sabon nau'in RAM na DDR5 kaɗai yake karɓa, don haka shiga cikinsa yana nufin sayen komai sabo a lokaci guda. Ga wanda kuɗinsa ya kai, hanya ce mai tsawon gaba. Ga wanda bai kai ba, tsohon tsarin bai mutu ba.

Katin hoto, wato sashen da ke zana abin da ake gani a allo, shi ne abin da ya fi cinye kuɗi a kwamfutocin zamani, kuma shi ne wanda mutane da yawa ba sa buƙata sam. Furosesoshi da dama suna zuwa da sashen hoto a cikinsu, wanda ya isa kallon bidiyo, aikin ofis, gyaran hoto mai sauƙi, har da ƙananan wasanni, musamman idan an ba shi sandunan RAM biyu tunda daga nan yake ɗiba. Sai dai a lura da haruffan da ke ƙarshen suna. Furosesan Intel da sunansa ya ƙare da F ba shi da sashen hoto. A jerin Ryzen 5000, masu ƙarewa da G ne ke da shi, kamar 5600G, shi kuwa 5600 ba shi da shi. Wanda ya sayi marar hoto bai sayi kati ba, zai haɗa komai daidai ya kunna ya ga allo baƙi ƙirin. Dabarar da nake ba masu ƙaramin ƙarfi ita ce su fara da furosesa mai hoto a ciki, su bar ramin katin a buɗe har ranar da aikinsu ya nuna musu yana buƙatarsa. Farashin katunan nan kuma yana hawa da sauka da abubuwan da ba su shafi mai saye ba. A 2021 ƙarancin sassa da masu haƙar kuɗin intanet da irin waɗannan katunan sun sa sun yi tsadar da ba a saba gani ba. A Satumban 2022, da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙa da katin hoto, sai na hannu suka cika kasuwa. Wanda ya iya haƙuri a irin wannan lokacin shi ya ci riba.

Akwai wuri guda da ba na yarda a rage kuɗi a kansa ko kaɗan, kuma na koyi haka ne da asara. Kwamfuta ta biyu da na haɗa, kuɗina sun ƙare kafin in kai kan akwatin wuta, sai na ɗauki wani marar suna, marar nauyi a hannu, an rubuta masa ƙarfin da ya ninka abin da nake buƙata. Ya yi aiki wata bakwai. Wata safiya na kunna, na ji wani ɗan ƙara da ƙaurin ƙonewar roba, na'urar ta mutu. Bai tafi shi kaɗai ba, ya ja uwar allo da faifan da ke ɗauke da aikin da na shafe makonni ina yi. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Abin ya yi mini ciwo matuƙa, har yau kuma idan na ga irin wannan akwatin a jerin wani sai gabana ya faɗi. Akwatin wuta shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita ƙaramar wutar da kowane sashe ke sha, galibi bolt 12 da 5 da 3.3. Mai kyau yana da kariyar da ke yanke wuta idan ta yi yawa ko waya ta haɗu. Marar kyau yana tura matsalar zuwa ga duk abin da ke jone da shi. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga sassa ba ta tashi a zafi ba. Wannan ma'aunin tattalin wuta ne, ba shaidar inganci ce cikakkiya ba, amma akwatin da ko wannan bai samu ba ya kamata a guje shi. A dubi sunan kamfanin da tsawon garantin da ya bayar. Kamfanin da ya yarda ya tsaya wa kayansa shekara biyar ko bakwai ya san abin da ya sa a ciki. Kuma shi ne sashe ɗaya da ba na sayen na hannu.

Sauran kuwa a wuce su da sauri. Gida mai gilashi da fitilu ba ya ƙara gudu ko na ƙiftawar ido, abin da ake nema a gida shi ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya. Sanyaya furosesa da ruwa ado ne ga matsakaicin furosesa, fankar da ke zuwa a kwalinsa ko wata mai sauƙi ta isa. Uwar allo mai tsada tana ƙara ramuka da kwalliya ne, matsakaiciya mai ramukan RAM huɗu da gurbin NVMe ta wadatar.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba duka ne zan kore ba. Za a ce haɗawa na da tsoro, mutum na iya lalata kayan da ya sha wahalar saye. Tsoron yana da tushe, amma ya fi haɗarin girma. Sukudireba ɗaya ce kayan aikin. Kusan kowace waya an ƙera bakinta yadda ba za ta shiga inda ba nata ba, kuma ƙa'idar ita ce duk abin da ya ƙi shiga a tsaya a sake dubawa, kada a danna da ƙarfi. Wuraren da ke buƙatar natsuwa kaɗan ne: siraran alluran mazaunin furosesa waɗanda ke lanƙwashewa da ɗan taɓi, 'yar ledar da ke manne a ƙasan na'urar sanyaya wadda dole a ɓare kafin a ɗora, ɗigon man da ake sawa tsakanin furosesa da na'urar sanyayar, da ƙananan ƙafafun ƙarfe da ke ɗaga uwar allo daga jikin gida. A cire filogi daga bango kafin a sa hannu, a taɓa ƙarfen gidan don sauke wutar da ke taruwa a jiki. Yini guda ya isa ga wanda bai taɓa yi ba.

Za a kuma ce wani lokaci sayen haɗaɗɗiya ya fi sauƙi a aljihu. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye ta ba don in kare ra'ayina. Manyan ofisoshi da ma'aikatu sukan sauya kwamfutocinsu bayan 'yan shekaru, sai irin su Dell OptiPlex da Lenovo ThinkCentre su shigo kasuwar na hannu da yawa. Ga wanda kuɗinsa ya yi ƙasa sosai, ɗaukar irin wannan a sa mata SSD a ƙara mata RAM shi ne hanya mafi gajarta zuwa na'ura mai gudu, kuma a wurina wannan ma haɗawa ce, tunda sanin ciki ɗaya ake buƙata. Sai dai a san iyakarta tun kafin a biya. Da yawa daga cikinsu suna da akwatin wuta da wayoyi na musamman da ba su bi tsarin ATX ba, ƙananan kuma ba su da sararin babban katin hoto. Furosesa da RAM na hannu ba su cika ba da matsala ba idan an gwada su a gaban mai sayarwa. Wurin ajiya kuwa yana riƙe da tarihin awannin da ya yi yana aiki da lafiyarsa, akwai manhajojin kyauta da ke karanta wannan tarihin, a duba kafin a amince masa da aiki.

Abin da ya fi damuna a duk wannan magana shi ne inda masana'antar ta dosa. Tun 2020 kwamfutocin Apple masu furosesan M1 da na bayansa suna zuwa da RAM a haɗe da furosesa, abin da ka saya ranar farko shi ne naka har na'urar ta ƙare. Siraran kwamfutocin cinya na wasu kamfanoni da yawa su ma suna like RAM a jikin allo da dalma. Akwai dalilai na fasaha, na'urar takan fi siranta ta kuma fi tattalin batir, ban musa ba. Amma sakamakon a kan mai ƙaramin kuɗi ya faɗa, domin shi ne yake sayen mai ƙaramin RAM yau da niyyar ƙarawa gobe, kuma an rufe masa goben.

Sannan ga batun Windows. Microsoft ya dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, ya bar wata 'yar ƙofa ta ƙarin sabuntawar tsaro na ɗan lokaci. Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da furosesa galibi daga zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000 zuwa sama. Kwamfutoci masu tarin yawa da ke aiki lafiya lau sun faɗo ƙasa da wannan layin. Ba su lalace ba, ba su yi nawa ba, an dai ja layi ne a samansu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya nuna cewa a 2022 duniya ta samar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya dace. Ina ganin kuskure ne babba a ƙara wa wannan tsibi na'urori masu rai. Wanda ya san cikin kwamfuta yana da mafita biyu. Ko ya canza uwar allo da furosesa kaɗai ya ci gaba da gidansa da akwatin wutarsa da SSD ɗinsa, ko ya ɗora babbar manhajar Linux a madadin Windows, irin su Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya da kyau a kan tsofaffin na'urori. Linux ba zai yi wa kowa ba, akwai manhajojin aiki da ba sa hawa kansa, mutum ya duba nasa tukuna. Wanda bai san cikin ba kuwa mafita ɗaya aka bar masa, ya sake fito da kuɗi.

Shi ya sa nake ganin makarantun da ke koyar da kwamfuta suna tauye ɗalibansu idan suka tsaya a kan buga rubutu da zana jadawali. Tsohuwar kwamfutar tebur guda ɗaya da sukudireba sun isa aji guda ya kwance ya mayar, kowane yaro ya riƙe RAM a hannunsa ya ji ƙarar shigarsa rami. Yaron da ya yi haka sau ɗaya ba zai sake kallon na'urar a matsayin rufaffen akwatin da sai wani ya taɓa masa ba. Hukumomi da ma'aikatun da ke sayen kwamfutoci da yawa a lokaci guda su ma suna da murya. Idan suka sa sharaɗin cewa RAM da wurin ajiya da akwatin wuta su kasance masu ciruwa kuma masu bin tsarin da kowa ke bi, kamfanoni za su saurara, kuma na'urorin da suka sauke bayan shekaru za su amfani wanda zai saye su a hannu na biyu.

Ni da ɗan ƙanwata mun zauna mun sake rubuta jerin. Kafin mu taɓa komai na sa ya buɗe tsohuwar na'urar da yake aro, ya kunna aikin da ya saba yi, muka buɗe shafin da ke nuna nauyin da kowane sashe ke ɗauka. Furosesa yana ƙasa da rabi, RAM ya kusa cika, faifai kuwa yana manne a kashi 100. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba. Daga nan muka sauko da furosesa zuwa mai ƙwayoyi shida mai hoto a ciki daga zubin baya, muka ɗauki sandunan RAM biyu na gigabait 16 kowace, NVMe na terabait ɗaya, akwatin wuta mai dogon garanti, da gida baƙi marar gilashi. Shi ya ɗaure kowane sukuru da hannunsa, ni ina gefe ina riƙe da littafin uwar allo. A karon farko ba ta tashi ba, sandar RAM ɗaya ba ta zauna sosai ba. Ya cire ta ya sake dannawa har ƙugiyar ta kama, ya kunna, fanka ta juya, rubutu ya bayyana a allo. Ramin katin hoto yana nan a buɗe, ya ce sai ya fara karɓar aikin bidiyon da ake biya zai waiwaye shi.